Yadda Fitila Ta Shigo Rumfar Tumatir

Mu masu noman kayan lambu a rumfar leda, aron tarkon fitila muka yi daga masu nazarin ƙwari. A tashar bincike ta Rothamsted da ke Ingila, tun shekarun 1930 C. B. Williams ke kunna fitila da dare, gari na wayewa a zazzage abin da ya faɗa a ƙirga. A 1950 aka fito da tarkon Robinson mai ƙwan lantarki mai tsananin haske. Su dai buƙatarsu su san wane ƙwaro ne ya zo, yaushe, kuma nawa.

Magabatanmu a sana'ar ba su ko kalle shi ba. Abin da ya dame su farin ƙuda ne da jan gizo-gizon nan mitsitsi, ga kuma DDT ya wadata bayan yaƙin duniya na biyu. Da magani ya daina ci, wata hanya aka bi: a 1967 Jan Koppert, manomin kokwamba a Holan, ya koma sakin ƙwari masu cin 'yan'uwansu. Sai katin danƙo, rawaya da shuɗi, ya cika rumfuna.

Tuta absoluta ce ta sa muka waiwayi fitila. Daga Kudancin Amurka ta taso, ta sauka Sifen a 2006, a 2016 kuwa ta yi wa tumatirin Kano da Kaduna ƙarƙaf, manoma suka laƙaba mata Sharon. Tsutsar cikin ganye take shigewa ta yi ta ci, feshi ya bi ta samanta ya wuce. Uwar kuma sai duhu ya yi take tashi. Tarkon ƙamshi maza kaɗai yake kamawa, alhali masu ƙwai su ne matsalar, fitila ko ba ta zaɓe. Haɗin ma ba wuya: roba cike da ruwa, ɗan sabulu don kada abin da ya faɗa ya tashi, ƙaramar fitila mai sola a bisa, kamar dai yadda yara ke kama shinge a farkon damina. Da safe ka tarar da saman ruwan ya yi toka-toka.

Rashin zaɓen nan shi ne kuma aibinta, har yau muna gardama a kai. Wanda ya kashe kuɗi ya saki ƙwari masu amfani zai tsinci wasunsu a robar. In ragar rumfa ta yage kusa da fitilar, na waje ma sun samu ƙofa.

A 2024 binciken su Samuel Fabian na Imperial College ya nuna cewa ƙwaro bayansa yake juya wa haske, ya ɗauka sama ce, ya yi ta kewaye har ya faɗi. Ke nan wanda ya gifta kusa shi fitila ta fi riƙewa. Shi ya sa in dillali ya ce mini fitilarsa ɗaya ta ishi kadada guda, ba na ko tayawa.