Takardar Aiki Kafin Magani: A Wurinmu Tsohon Zance Ne



A shekarar 2025 Amurka ta yi dokar da ta ce baligin talaka mai ƙarfi a jika, in yana son gwamnati ta ci gaba da biya masa kuɗin asibiti a shirinsu na Medicaid, sai ya nuna yana aiki ko karatu ko aikin sa kai na awa 80 a wata. Ana ta cewa baƙon abu ne. Ni kuwa da na waiwayi tarihinmu, sai na ga mun haura shekara 100 ƙarƙashin wannan sharaɗi, ba a dai rubuta mana shi ba ne.

Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841. Kakanninmu fatake suka riƙa shigowa da tufafin Kano suna komawa da hauren giwa, wasu suka zauna a unguwar da Fulani suka kira Wuro Hausa. A wancan zamani in baƙo ya kwanta ciwo, maigidan da ya sauke shi ne zai nemo masa wanzami ko malami.

Turawa suka ci Yola a 1901. Asibitocin farko na gwamnatinsu don kansu suka gina, sai sojoji da ma'aikata. Talaka sai daga baya ya samu shiga, lokacin da En'e ta fara buɗe ɗakunan shan magani. 'Yan mishan sun yi nasu ƙoƙarin, likita Niels Brønnum ɗan ƙasar Denmark ya sauka Numan a 1913, an kuma yi asibiti a Garkida, amma ga nisa, ga ɗari-ɗarin da iyayenmu ke yi da su.

Dattawa kan ba da labarin shekarun 1970, lokacin kuɗin mai, da ake karɓar magani kusan kyauta. Abin bai ɗore ba. Tsuke bakin aljihun da Babangida ya kawo a 1986, da tsarin Bamako na 1987 wanda ya ce majinyaci ya biya kuɗin magani don a sayo wani, su suka bar mana al'adar nan ta likita ya rubuta, kai kuma ka nufi kemis.

Sai inshora. Janar Abdulsalami ya sa hannu a dokar NHIS a 1999, Obasanjo ya ƙaddamar da ita a 2005. Da wa aka fara? Da ma'aikatan gwamnatin tarayya, a bisa tsarin wurin aiki ya zuba kashi 10 na albashi, ma'aikaci kashi 5. To mahaifina da ke buɗe rumfa tun da hantsi har magariba, wane albashi za a yanka? Ɗan dako fa, da mai kwale-kwale a Binuwai? Aikinsu ya fi awa 80 a mako biyu ma, sai dai ba ofishin da zai buga musu hatimi.

Nan ne labarin jihar Arkansas ta Amurka ya ja hankalina. Sun gwada wannan sharaɗi a 2018, cikin 'yan watanni mutum sama da 18,000 suka rasa inshora, har kotu ta dakatar da shi a 2019. Masu bincike na jami'ar Harvard sun duba, ba su ga aikin yi ya ƙaru ba. Da yawan waɗanda abin ya shafa dama suna aiki, kai rahoto ta intanet ne ya gagare su. Ashe takarda ake gwadawa.

Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 na kuɗin shigar tarayya don kula da lafiya a matakin farko, ta 2022 kuma ta ce inshora dole ce ga kowa, da asusu na marasa ƙarfi. Adamawa ma tana da hukumarta, ASCHMA. Madalla. Tsorona ɗaya ne: mu da ake tambaya takardar asalin jiha wajen neman aiki da tallafin karatu, kada wata rana a tambaye mu ita a bakin asibiti. Don haka in an zo rajistar marasa ƙarfi a mazaɓa, shugabannin kasuwa su tsaya a rubuta sunayen 'yan dako da zawarawanmu, kowa kuma ya riƙe lambarsa ta NIN a hannu.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba. Wassalam.