Abokin Ɓarawo Ɓarawo Ne? Alhakin Mai Taimako a Yunƙurin Kisan Kai

Wani ra'ayi ya samu gindin zama a bakin wasu masu gabatar da ƙara: idan 'yan daba suka sassari mutum amma ya rayu, duk wanda aka gani a wurin hukuncinsa ɗaya da mai addar. Madogararsu sashe na 79 na kundin Final Kod, wanda ya fara aiki a Arewa a 1960, da hukuncin Sayyidina Umar kan mutanen San'a da ke cikin Muwaɗɗa. A ganina, sun ɗora wa hujjojin nan kayan da ya fi ƙarfinsu.

Sashe na 79 bai hukunta tsayuwa a wuri ba. Sharaɗinsa shi ne niyya guda da kowa ya yi tarayya a cikinta. A yunƙurin kisa kuwa babu gawa, saboda haka abin da ya raba sashe na 229, mai iya kaiwa ga ɗaurin rai da rai, da laifin jin rauni shi ne abin da ke zuciyar wanda ake tuhuma. Ɗan acaɓan da ya kai 'yan daba wurin, yana zaton duka za a yi, ya yi laifi, amma da wuya a ce ya nemi rai.

Za a ce ai ya kamata ya hango ƙarshen abin, tunda ya ga makami. Wannan suka tana da nauyi. Sai dai a shari'ar Jogee ta 2016 Kotun Ƙolin Birtaniya ta mayar da hange shaida kan niyya, ba madadinta ba, ta yi watsi da tafarkin da ake bi tun shari'ar Chan Wing-Siu. Hukuncin bai ɗaure kotunanmu ba, kuma dole in taƙaita da'awata: Final Kod ya karɓi sani, ba niyya kaɗai ba. Wanda ya danne mutum yana kallon ana zare wuƙa ba shi da mafita. Malikiyya ma sun haɗa mai riƙewa da makashi idan ya san kisa ake nufi.

Amma ko a nan, sanin ne ya kama shi, ba abota ba. Don haka wajibi ne mai gabatar da ƙara ya tabbatar da niyya ko sanin kowane mutum daban. Inda shaida ta gaza, a tuhume shi da taimakawa wajen jin rauni.