Tarihin Injin Motar 911 Da Tsofaffin Kanikawa

Jama'a, kun san me ya sa Mercedes 911 ke dakon kaya har yau?

Sirrin yana cikin injinta, OM352, mai silinda 6, wanda aka fara ƙerawa a Jamus a 1964. Daga 1980 kamfanin ANAMMCO na Enugu ya shiga harhaɗa manyan motocin Mercedes a Najeriya, kayan gyara suka wadata.

Injin babu kwamfuta a jikinsa. Idan ya gaji, sauke shi ake yi, a canza fistan da ringi, a gyara nozil, ya koma kan hanya.

Tsohon bakanike kuwa kunnensa da idonsa ne na'urarsa. Baƙin hayaƙi: gas ya yi yawa ko iska ta kasa. Shuɗi: injin na shan baƙin mai. Fari: wataƙila ruwa ya shiga silinda.

Motocin yanzu sai da sikana, dattawan nan kuma suna ƙarewa da iliminsu. In akwai ɗaya a garejin unguwarku, nemi izininsa ka ɗauki bayaninsa a bidiyo da wayarka, ka adana.