Daga rini zuwa maganaɗisu: tarihin neman ƙwayar maleriya a ɗigon jini

Tarihin Hausa Bakwai ya kira Rano da Kano sarakunan baba, wato ƙasashen da suka shahara da shuni da marina. Har yau, idan aka ɗebi jinin yaro mai zazzaɓi a wani asibiti a Rano ko Kibiya, ɗaya daga cikin hanyoyin gano cutarsa ita ce rini. Ana shafa jinin a kan gilashi, a rine shi da ruwan da Bajamushe Gustav Giemsa ya haɗa a 1904, sannan ma'aikaci ya duƙufa a kan madubin likita yana neman ƙwayar maleriya. Amma akwai wata hanya dabam da aka shafe shekaru fiye da 170 ana sassaƙawa. Ita ce ta janyo jinin da ya kamu da maganaɗisu, kamar yadda ake tsince allura daga cikin rairayi.

Labarin ya fara ne da gwajin da bai ba da abin da ake zato ba. A 1845 Michael Faraday na Ingila ya gwada busasshen jini, ya ga maganaɗisu bai ja shi ba, duk da sinadarin ƙarfen da ke cikinsa. Sai a 1936 Linus Pauling da Charles Coryell, a Amurka, suka gano cewa halin jini yana sauyawa. Haimoglobin, sinadarin da ya ba jini launin ja, ba ya amsa kiran maganaɗisu matuƙar yana ɗauke da iskar oksijin. Da zarar ya sauke ta, sai ya fara karkata, ko da yake da rauni ƙwarai.

Ita kuwa ƙwayar maleriya da kanta take tona asirinta. Idan ta shiga jan ƙwayar jini, haimoglobin take ci, har ta cinye fiye da rabinsa. Ragowar mai ɗauke da ƙarfe guba ce a gare ta, don haka sai ta dunƙule ta, ta zama wasu baƙaƙen ƙwayoyi da ake kira himozoyin. Wannan baƙin tabo ne ya ja hankalin likitan sojan Faransa Alphonse Laveran, har ya gano ƙwayar cutar a garin Kwanstantin na Aljeriya a 1880. Himozoyin kuma yana amsa maganaɗisu fiye da lafiyayyen jini. A 1981 masana daga Jami'ar Southampton suka nuna cewa idan aka ratsa jini ta cikin siraran zaruruwan ƙarfe da ke tsakanin maganaɗisu mai ƙarfi, ƙwayoyin da suka kamu suna maƙalewa, masu lafiya su wuce.

Matakin da ya biyo baya shi ne ƙanƙanta aikin. Tun daga shekarun 1990 injiniyoyi suka koyi sassaƙa magudanai masu kaurin gashin kai a jikin gilashi ko roba, a kan faranti da bai kai tafin hannu ba. Manomin da ya san yadda ruwan Tiga yake bin babbar hanya, ya rarrabu zuwa ƙananan magudanai a Bunkure da Kura, ya riga ya fahimci tsarin. Bambancin kawai shi ne, a irin wannan ƙanƙanta ruwa ba ya gauraya, yana tafiya ne jere-jere cikin natsuwa. Idan aka shimfiɗa siririyar waya a gefen magudanar, aka kafa maganaɗisu, ƙwayoyin da ke ɗauke da himozoyin sai su riƙa kaucewa a hankali zuwa gefen wayar, su fita ta wata ƙofa, sauran su fita ta wata. Masu bincike a Koriya ta Kudu sun wallafa irin wannan na'ura a 2013.

Ƙasar Kano ta daɗe cikin tarihin wannan cuta. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun gudanar da shahararren binciken Garki, wadda a lokacin take cikin Jihar Kano, yanzu kuwa Jigawa. An riƙa ɗibar jinin mutanen ƙauyuka a kai a kai ana dubawa da ido, gilashi bayan gilashi. Shekaru da dama bayan haka, an gwada wata ƙaramar na'urar tace jini mai suna HemeChip, wadda aka ƙera a Jami'ar Case Western Reserve ta Amurka, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala da Asibitin Yara na Hasiya Bayero. Ita da ƙarfin lantarki take rarrabe nau'o'in haimoglobin don gano cutar sikila. Daga jami'ar dai aka samo gwajin maleriya mai amfani da maganaɗisu da haske, aka haɗa su biyun a na'urar da ake kira Gazelle.

Me ya sa ake wannan wahala alhali ga tsinken gwaji mai araha a kusan kowace ƙaramar asibiti? Domin yawancin tsinkayen suna neman wani furotin guda ne da ƙwayar cutar take fitarwa, wasu ƙwayoyin kuma sun daina fitar da shi. An fara ba da rahoton haka a Peru a 2010, kuma a 2016 Eritiriya ta sauya nau'in tsinken da take amfani da shi saboda wannan dalili. Ƙwayar tana iya zubar da furotin ɗin ta rayu, amma ba za ta iya daina dunƙule gubarta ba. Ga ƙasar da ke ɗauke da kusan rubu'in masu kamuwa da maleriya a duniya, wannan ba ƙaramin lamari ba ne.

Sai dai hanyar tana da nata cikas. Nau'in falsifarum, wanda ya fi yawa a ƙasarmu, yana da wayo. Ƙwayoyin da suka girma, masu himozoyin da yawa, suna maƙalewa a jikin ƙananan jijiyoyi, ba sa yawo. Waɗanda ake samu a jinin yatsa galibi ƙanana ne da ba su tara baƙin tabo sosai ba, kuma su ne maganaɗisu ya fi kuskurewa. Na'urar Koriya ma ta fi kama manyan fiye da ƙananan.

Saboda haka ba a ɗakin bincike na Turai ko Amurka za a yanke hukunci kan wannan fasaha ba. Za a yanke shi ne a wuri irin Rano cikin watan Satumba, lokacin da damina ta yi nisa, layin uwaye ya yi tsawo, ga zafi, ga ɗaukewar wuta, ga yaran da ƙwayar da ke jininsu ba ta da yawa. Na'urar da ta gano waɗannan yara, a farashin da asibitin ƙaramar hukuma zai iya biya, ita ce za ta iya karɓar aikin da rinin Giemsa ya riƙe fiye da ƙarni guda.