Kogin Kano da Fadamar Haɗeja

Yawancin manyan koguna teku su ke nufa. Kwara kafin ta faɗa teku a kudancin Nijeriya sai ta rarrabu bakuna da yawa, ta bar ƙasa duk laka da fadama. Kogin Kano kuwa bai san teku ba, amma shi ma yana da irin wannan rarrabuwa a tsakiyar ƙasa.

Mafarinsa duwatsun da ke kudu da Doguwa. Daga nan ya ratsa dajin Falgore da ƙasar Tudun Wada, ya biyo ta Tiga a ƙasar Bebeji, ya gamu da Calawa kudu da birnin Kano. Sa'an nan ya miƙa gabas, ya wuce Wudil, ana ce da shi Kogin Haɗeja. Da ya kai Haɗeja sai ya tarad da ƙasa shimfiɗaɗɗiya mai jigayin rairayi, gudunsa ya ragu, ya rarrabu rassa rassa. Reshe guda, watau Marma, shi ke cika tafkin Nguru. Abin da ya saura ya gamu da Kogin Jama'are wajen Gashuwa, su zama Yobe, su doshi Tafkin Cadi.

A zamanin da, kowace damina ambaliya ta kan rufe fadamar nan. Hausawa da Badawa da Barebari su noma shinkafa, su yi su. In ruwa ya janye a shuka wake a danshi, Filani su kawo shanu. Da hunturu tsuntsaye su zo tun daga Turai.

A 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka gama madatsar ruwa ta Tiga. A 1992 kuma aka tare Calawa. Mutanen Kadawa da Kura suka sami noman rani, alkama da tumatir da shinkafa, birni ya sami ruwan sha. Amma fa gyaran wani ɓarnar wani. Ambaliya ta ragu a Haɗeja. Da ya ke kuma ana sakin ruwa har da rani, rafuka ba su ƙafewa, sai ciyawar kacala ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su.

A 2000 aka sa tafkin Nguru da Marma cikin fadamun da duniya ta yi alkawarin kiyayewa. To, mai ban ruwa a Bebeji ya riƙa tunawa, ruwan da ya bari ya malale a banza, rabon wani masunci ne a Nguru.