Tafiya da allurar insulin: yadda za ka kai maganinka lafiya

Mai ciwon sukari da likita ya ɗora kan allura yana iya tafiya kamar kowa: fatauci, biki, ziyarar dangi, har aikin Hajji. Abin da ke ba da wahala shi ne maganin, domin ba ya jure zafi kuma ba ya jure daskarewa. A ƙasarmu kuwa, a watannin Afirilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, ga hanya mai tsawo. Daga Yamai zuwa Maradi kilomita fiye da 600 ne, zuwa Damagaram kuma kusan 900. Ga abin da ya kamata matafiyi da iyalinsa su sani kafin a kama hanya.

Wane irin magani ne wannan?

Insulin sinadari ne da jikin mutum ke yi da kansa domin shigar da sukari daga jini zuwa cikin tsoka da sauran sassan jiki. A birnin Toronto na ƙasar Kanada aka gano shi a 1921, aka fara yi wa mutum allurarsa a 1922. Yana cikin magungunan da likitoci ke kira peptid, wato dangin furotin, kamar farin ƙwai. Shi ya sa ba a shansa: in ya shiga ciki, ciki zai narkar da shi kamar abinci. Shi ya sa kuma zafi ke lalata shi. Ka dubi farin ƙwai in ya ji wuta, ai ba ya komawa yadda yake.

Akwai wasu allurai na wannan dangi da ake rubuta wa masu ciwon sukari, kamar Victoza da ake yi kullum da Ozempic da ake yi sau ɗaya a sati. Dokar ajiyarsu kusan ɗaya ce da ta insulin.

Dokar ajiya

Kwalba ko stilo da ba a buɗe ba, wurinsa cikin firigo ne, tsakanin digiri 2 da 8, nesa da ɓangaren da ke yin ƙanƙara. Wanda aka fara amfani da shi kuwa yana iya zama a waje, a inuwa, ƙasa da digiri 25 ko 30 gwargwadon irinsa, kuma yawancin insulin sati huɗu yake yi bayan buɗewa. Takardar da ke cikin kwalin ita ke faɗin adadin kwanakin kowane iri. Ranar da ka buɗe, ka rubuta kwanan wata a jikin kwalin.

A 2021 ƙungiyar likitoci ta MSF da jami'ar Janeba sun fitar da sakamakon wani bincike. Sun gwada insulin a irin yanayin wani sansanin ƴan gudun hijira na ƙasar Kenya, inda zafi ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37, suka ga bai rasa ƙarfinsa ba har sati huɗu. Wannan labari ne mai kwantar da hankali ga wanda ba shi da firigo. Amma a lura, zafin ɗaki aka gwada, mai sauka da dare. Ba zafin cikin mota da aka rufe a rana ba, wanda ya fi haka nesa ba kusa ba.

Insulin da ya daskare ya lalace, ko da ya narke daga baya. Sai zubarwa.

Kafin ka tashi

Ka ga likitanka sati biyu ko fiye kafin tafiya. Ka roƙi ordonansi sabuwa mai ɗauke da ainihin sunan maganin, ba sunan kamfani kaɗai ba, saboda sunan kasuwa kan canza daga ƙasa zuwa ƙasa. In za ka ƙetare iyaka, a haɗa maka da takardar shaida da ke cewa kana da ciwon sukari kuma dole ka riƙe allura. Ka ɗauki hoton takardun biyu a salularka.

Ka ɗauki magani ninki biyu na abin da kwanakin tafiyar ke buƙata. Mota kan lalace, hanya kan rufe, biki kan ƙara kwana. Haka ma allurai, sirinji, na'urar awon sukari da ƴan takardunta da batir. Ka raba kayan gida biyu, in da abokin tafiya ya riƙe rabi. Maganin ya zauna cikin kwalinsa na farmasi, domin jami'an duwan ko na filin jirgi su ga sunansa.

A cikin mota

Kada maganin ya shiga akwatin da za a loda a ƙarƙashin bis ko a ɗaure a saman mota. Wurinsa jakar da ke hannunka, kuma ba kusa da taga inda rana ke bugawa ba. In an tsaya salla ko cin abinci a Dogon Dutsi ko Birnin Ƙonni, ka sauka da jakarka.

In kana da ƙaramar kula ta sanyi, ka sa ƙanƙara, amma ka naɗe maganin da tsumma ko tawul don kada ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye. In babu, ka sa shi cikin leda ka ɗaure da kyau, ka naɗe da jiƙaƙƙen ƙyalle, ka bar iska na shiga. Yayin da ruwan ke bushewa yana janye zafi, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwa. Ƙyallen ya bushe, ka sake jiƙawa.

In ka sauka a ƙauyen da babu wuta, tukunya biyu sun isa: ƙarama cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. In kuwa gidan da ka sauka akwai firigo, ka nuna wa masu gida inda ka ajiye, ka gaya musu kada a matsar da shi wajen ƙanƙara.

A jirgin sama

Magani da allurai duk cikin jakar hannu. Inda ake zuba manyan kaya a cikin jirgi sanyinsa kan iya daskarar da insulin, kuma akwati kan yi ɓatan kai ya iso bayan kwanaki. Dokar da ta taƙaita ruwa a jakar hannu zuwa mililita 100 ta yi sassauci ga magani, sai dai ka faɗa wa jami'in bincike tun kafin ya buɗe jakar, ka nuna takardar likita.

Sai batun agogo. Nijar da Najeriya lokacinsu ɗaya. Saudiyya ta riga mu da awa 2, Dubai da awa 3, Sin da awa 7. In bambancin kaɗan ne, gyaran ba shi da yawa. In ya yi nisa, kamar tafiyar ƴan kasuwa zuwa Sin, likita ne zai tsara maka lokutan allurar ranar tafiya. Kada ka ƙara ko ka rage da kanka.

In sukari ya faɗi a hanya

A tafiya abinci kan makara, ga yawan takawa, kuma zafi na sa insulin ya shiga jini da sauri. Duk waɗannan na kayar da sukari. Alamunsa: zufa, rawar jiki, yunwa mai tsanani, jiri, bugun zuciya, magana ta rikice. In awo ya nuna ƙasa da 0,70 g/l, ko ka ji alamun babu na'ura kusa, ka sha sukari ƙwaya uku ko rabin kofin lemo mai zaƙi. Bayan minti 15 ka sake awo, in bai hau ba ka maimaita, sannan ka ci abinci. Saboda haka sukari ko dabino kada su rabu da aljihunka. Kada kuma ka yi allurar da ake yi kafin cin abinci sai ka ga abincin a gabanka.

Ka gaya wa na kusa da kai halin da kake ciki, ba abin kunya ba ne. In mutum ya suma, kada a ɗura masa komai a baki. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya da shi asibiti mafi kusa.

Alhazai su ƙara kula: ɗawafi, sa'ayi da tafiyar jifa duk aiki ne mai cin sukari. A yi awo kafin a fita, a sha ruwa sosai, kuma kada a taka ƙasa mai zafi ba takalmi, don ƙafar mai ciwon sukari kan ƙone bai ji ba.

Yadda ake gane wanda ya lalace

Insulin mai kama da ruwa garau, in ya yi duhu-duhu ko ya canza launi, ya tashi aiki. Wanda asalinsa fari ne kamar madara, in ka mirgina shi a tafin hannu ka ga gudaji ko ya manne a jikin kwalba, shi ma haka. Wani lokaci ido ba ya ganin komai, sai dai ka ga sukari ya ƙi sauka alhali kana allura yadda ka saba. To, ka buɗe sabo. In ƙishirwa ta yi yawa, ga yawan fitsari, amai, ciwon ciki da numfashi sama-sama, wannan na asibiti ne nan take.

In maganin ya ƙare ko ya ɓace

Ka nufi asibiti ko farmasi mai lasisi da ordonansinka. Kada ka sayi allura a kasuwa ko hannun mai talla: ba ka san ranar da ta sha ba, kuma jabu na yawo. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun Ozempic da aka kama a wasu ƙasashe. Ka duba ƙarfin da aka rubuta a kwalba: akwai mai U-100, akwai mai U-40, kuma kowanne da sirinjinsa. In aka haɗa kwalbar wani da sirinjin wani, adadin da zai shiga jiki ba zai yi daidai ba, kuma abin na iya kai wa ga halaka.

Allurar da ka yi amfani da ita, ka jefa cikin gorar roba mai kauri mai murfi, ka kai asibiti in ka samu dama. Kada a yar a tasha ko a bola inda yara ke wasa.

Wanda ke da ɗan'uwa ko mahaifi mai wannan lalura da bai iya karatu ba, ya karanta masa, ya kuma taya shi haɗa jakar tun daren tafiya. Allah ya kai kowa lafiya, ya dawo da shi lafiya.