Siminti biyu, tambaya ɗaya: Malbaza da Kalambaina

Mu ƴan Ƙonni mun tashi tsakanin izin biyu na siminti, na Malbaza a arewa maso gabas da na Kalambaina a Sakkwato. Da na bi tarihinsu sai na tarar kamar tagwaye ne. Gwamnati ta kafa kowanensu bayan samun ƴancin kai: na Malbaza ya fara aiki a 1966, na Sakkwato, wato CCNN, an kafa shi a 1962 zamanin Sardauna, ya fara a 1967. Da guguwar saida kamfanonin gwamnati ta taso, Scancem na ƙasar Norwe ya shiga Malbaza a 1998, ya shiga Sakkwato a 2000. A 2008 kuma anka saida duka biyun ga kamfanin Damnaz na Najeriya.

Bambancinsu shi ne CCNN ya shiga kasuwar hannun jari ta Legas a 1993, a lokacin malamin makaranta ko ɗan kasuwa na iya sayen ɗan rabonsa. A 2010 BUA na Abdul Samad Rabiu ya sayi Damnaz, ya gaji rabon da ya ɗara rabi kaɗan. Sai girma ya zo. A 2018 anka haɗe CCNN da Kalambaina Cement mai tan miliyan 1.5 a shekara, sannan da Obu Cement, anka samu BUA Cement a Janairun 2020. To amma kamfanonin nan biyu duk na BUA ne, mai saye da mai saidawa gida guda. Bayan haɗewar, sama da kashi 90 cikin 100 ya koma hannun mutum ɗaya.

Nan ne damuwar ƙaramin mai hannun jari take. Izin da ya fara da tan 100,000 yau miliyoyi yake yi, ba mai musun wannan. Sai dai ranar taron shekara, ƙuri'arsa ba ta naɗa darakta, ba ta tsige shi. In anka ƙiyasta kuɗin kadarar da za a haɗe, wa zai ce ya yi yawa?

Ni dai ina ganin ya kamata mu riƙe wannan darasi. Ranar da anka ce a zo a sayi hannun jarin Malbaza, kafin mu ƙirga jikkuna mu tambaya: wa ke zaɓen daraktoci, wa ke duba lissafi, kuma in za a haɗe da kamfanin maigida, ana ƙirga ƙuri'armu daban?